Ado da sanyi: kalmomin cikin ɗaki da lafiyar mai ɗaki

Taƙaitawa

Wannan rubutu yana duba kalmomin da Hausawan Nijar suke amfani da su idan suna maganar cikin ɗaki: gininsa, kayansa da adonsa. Yana nuna cewa sunayen kaya sun sauya ƙwarai cikin ƙarni ɗaya, kuma yawancin sababbin aro ne, alhali kalmomin da ake auna ɗaki da su, wato sanyi, faɗi, daɗi da kyau, suna nan yadda suke, rukuninsu ɗaya kuma a nahawu. Daga nan aka kwatanta wannan ma'auni da abin da binciken lafiya ya gano game da muhalli.

1. Gabatarwa

A Faransanci akwai sana'ar da ake kira *architecture d'intérieur* ko *décoration d'intérieur*, wato tsara cikin gida da ƙawata shi. Hausa ba ta da kalma guda da ta tara wannan aiki duka, domin a ƙasar Hausa aikin rabe yake tsakanin hannuwa da yawa. Magini ke tsara ɗaki ya yi masa zane, mata ke yin daɓe da jere, masaƙi da baduku da masassaƙi su ke kawo abin shimfiɗa da abin zama. Kowane ɗayansu yana da kalmominsa, kuma idan aka tara kalmomin nan wuri ɗaya za a ga cewa akwai tunani tsararre a bayansu game da abin da ya sa ɗaki ya zama na kirki.

Batun ya wuce na ƙamus kaɗai. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai iyaye suna kashe dukiya mai yawa, wani lokaci har da cin bashi, don su cika ɗakin ɗiyarsu da kayan zamani, kuma sau da yawa ɗakin na siminti ne da rufin kwano wanda ba ya zaunuwa da rana a bazara. Tambayar da za mu bi ita ce: da wane ma'auni harshen Hausa yake auna ɗaki, kuma me wannan ma'auni zai ce game da ɗakunan da ake ginawa ana ƙawatawa yau? Za mu fara da tsofaffin kalmomi (kashi na 2), sannan kalmomin aro (kashi na 3), sannan kalmomin awo (kashi na 4), kafin mu juya ga binciken lafiya (kashi na 5) da wasu gine-gine na ƴan shekarun nan (kashi na 6).

2. Tsofaffin kalmomi

2.1. Ɗaki da mai ɗaki

Kalmar *ɗaki* ba ta tsaya ga bango huɗu da rufi ba. A duba waɗannan misalai:

(1) a. An kai ta ɗakinta.
b. Allah ya zaunar da ke ɗakinki.
c. Su uku ƴan ɗaki ɗaya ne.
d. Ta je gaida uwar ɗakinta.

A (1a) da (1b) ɗaki yana nufin aure, a (1c) yana nufin uwa ɗaya, a (1d) kuma yana nufin jingina da kulawa. Gida na maigida ne, shi ke da zaure da turaka, amma ɗaki na mace ne, kuma *kayan ɗaki* da iyayenta suka yi mata mallakarta ne, da su za ta fita idan aure ya mutu. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda waɗannan kaya suke zama dukiyar mace da shaidar yawan mutanen da suka tsaya mata. Adeline Masquelier kuma ta yi nazari a Dogonduci kan matsayin gadon amarya da gardamar da tsadarsa ta haifar. Saboda haka wanda zai yi maganar adon ɗaki sai ya tuna cewa yana taɓa mutuncin mace ne da ajiyarta.

2.2. Jere

*Jere* suna ne da ya fito daga aikatau *jera*, wato a sa abubuwa bi da bi a layi. A bakin mata yana nufin aikin shirya ɗakin amarya da kuma abin da aka shirya ɗin. Da can ƙorai ake jerawa, masu zane da sassaƙa, a rufe su da faya-fayi masu launi, wasu a rataye a ragaya. Daga baya tasoshi da kwanoni masu fenti suka shigo ta hannun ƴan kasuwa, aka riƙa ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayansu tangaran da gilashi da kulolin abinci suka zo, aka shigar da su cikin akwatin madubi.

Kayan sun sauya sau uku ko fiye, amma ƙa'idar jere ba ta sauya ba: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi ya bi launi, dama ta yi daidai da hagu. Yawancin kwanonin jere ba a cin abinci a cikinsu. Na kallo ne, kuma ajiya ce da za a iya sayarwa ranar matsi. Idan aikin ya yi kyau sai a ce *ɗaki ya jeru* ko *ya gyaru*, da sigar aikatau mai ƙarewa da *-u*, wadda ke nuna cewa aiki ya kai matuƙa.

2.3. Kalmomin magina

Magini yana gina bango da *tubali*, curin ƙasa mai siffar ƙwai da aka shanya a rana. Yana yin rufi da *azara*, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, sai magina suka ƙirƙiro *baka*, su riƙa ɗaura azara kan azara suna tanƙwarawa har bakuna su haɗu a tsakiya. Daga nan aka sami *bakan gizo* da *ɗaurin guga* da *tulluwa*. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu a farkon rabin ƙarni na 19, shi ne misalin da aka fi sani. A waje ana shafe bango da *makuba*, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da *laso*, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, don ruwa kada ya ci ginin. A sama akwai *zankwaye* da *indararo*. A ciki akwai *alkuki* na ajiye fitila, da *daɓe*, wanda mata ke yi da maɗabi suna yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi ta daina ƙura.

Abin lura shi ne, kusan kowace kalmar ado a nan sunan wani aiki ne da ginin ke bukata. Bakunan da ke ƙawata rufi su ke riƙe da shi, makubar da ke ba bango launi ita ke kare shi. Zanen da ake gani a fuskar gidajen unguwar Birni da ta Zango a Damagaram, ko cikin gidan Sidi Ka a tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, a jikin yaɓen kansa ake fitar da shi tun yana ɗanye.

3. Kalmomin aro

Aron sunayen kayan ɗaki tsohon abu ne. Daga Larabci aka sami *katifa*, *fitila*, *sanduƙi* da *tasa*, kuma sun zauna har mai magana ba ya jin su baƙi. Aron da ya biyo bayan zuwan Turawa shi ne ya rabu gida biyu bisa iyaka: a Najeriya an ɗauko daga Ingilishi, a Nijar daga Faransanci. Ga wasu kamar yadda ake jin su a garuruwanmu, tare da takwarorinsu na kudu:

(2) salon < *salon* (kudu: falo)
bitirin < *vitrine* (kudu: kabad)
falafon < *plafond* (kudu: silin)
karo < *carreau* (kudu: tayil)
firigo < *frigo* (kudu: firji)
bantilatar < *ventilateur* (kudu: fanka)
kilimatizar < *climatiseur* (kudu: esi)

Furucin yana ɗan bambanta daga gari zuwa gari, da kuma tsakanin wanda ya yi makarantar boko da wanda bai yi ba, amma hanyar Hausantarwa ɗaya ce. Sautin /v/, wanda babu shi a Hausa, yana komawa /b/. Sautin /p/ yana komawa /f/. Baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon gaɓa ana raba su da wasali, kamar *fr-* da ta zama *firi-*, da *cl-* da ta zama *kili-*. A Maraɗi da Birnin Ƙonni, inda kasuwa ke kallon Katsina da Sakkwato, sau da yawa kalmomin biyu suna zaune tare a bakin mutum ɗaya.

Abu biyu za mu ɗauka daga wannan jeri. Na farko, dukansu sunaye ne. Aikatau ɗin da ake amfani da su kan waɗannan kaya na Hausa ne tsantsa: ana *jera* tangaran a bitirin, a *shimfiɗa* karo, a *rataya* labule, a *share* salon. Wannan ya dace da abin da masana aro suka daɗe da lura da shi, tun aikin Einar Haugen na 1950, cewa harsuna sun fi saurin aron suna bisa aikatau. Na biyu, uku daga cikin bakwai sunayen na'urorin sanyaya ne, na huɗu kuma, falafon, sunan abin da ake sawa ne don tare zafin kwano. Harshe ya ari waɗannan kalmomi ne a daidai lokacin da ɗaki ya daina yin sanyi da kansa.

4. Kalmomin awo

Idan mace ta shiga ɗakin amarya ta fito, ko baƙo ya kwana a masauki aka tambaye shi, kalmomin da za su fito ƴan kaɗan ne: ɗakin yana da *kyau*, yana da *faɗi*, yana da *sanyi*, yana da *daɗin* zama, ko kuwa yana da *zafi*, yana da *ƙunci*. Babu aro ko ɗaya a cikinsu. A 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa irin waɗannan kalmomi rukuni ne na musamman a nahawun Hausa, sunayen halin da jiki ke ji ta fata, harshe, hanci ko ido. Siffarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, ƙarshe da dogon wasalin *-i*, karin sauti sama-sama. Hanyar tsirarsu ma ɗaya ce, sifa ta hanyar ninka gaɓar farko, aikatau ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe:

(3) zafi, zazzafa, zafafa
sanyi, sassanya, sanyaya
faɗi, faffaɗa, faɗaɗa
daɗi, daddaɗa, daɗaɗa
taushi, tattausa, tausasa
kauri, kakkaura, kaurara

Kalmar *kyau* ta ɗan kauce a siffa, amma sifarta *kyakkyawa* ta nuna cewa cikin wannan gida take, kuma nan Paul Newman ya sa ta a nahawunsa na 2000. Ke nan a tsarin kalmomin Hausa, kyau ɗan'uwan sanyi ne da taushi da daɗi. Wannan ba ya nufin nahawu ke tilasta wa mutum yadda zai yi tunani. Abin da ya nuna shi ne, masu harshen sun daɗe suna ajiye abin da ido ke gani da abin da fata ke ji a ma'aji ɗaya.

Waɗannan kalmomi kuma su ne ake auna halin zuciya da su:

(4) a. Da na ji labarin sai na ji sanyi a raina.
b. Yana da zafin rai.
c. Suna cikin ƙuncin rayuwa.
d. Ban sami sarari ba sai yau.
e. Yana ƙarƙashin inuwar yayansa.

A (4a) sanyi kwanciyar hankali ne, a (4b) zafi fushi ne. A (4c) matsin wuri ya zama matsin rai, a (4d) buɗaɗɗen wuri ya zama hutu da iko, a (4e) inuwa ta zama kariya. Haka ma *rufin asiri*, wanda shi ne abin da talaka ke roƙo kafin arziki, daga aikatau *rufa* yake, wanda ake rufa ɗaki da shi. A harsunan Turai na arewa abin yakan juya: a Faransanci mutumin kirki ana ce masa *chaleureux*, mai ɗumi, marar fara'a kuma *froid*, mai sanyi. Ba abin mamaki ba ne idan adon ɗakin da aka tsara a can ya nemi kafet mai kauri, kujerun soso da labule mai nauyi, domin manufarsa tsare ɗumi ce.

Sai dai Hausa ba ta yabon sanyi ido rufe. Akwai *ciwon sanyi*, akwai *sanyin jiki*, kuma ana raba *sanyi* da *ɗari*, kamar yadda ake raba *zafi* da *ɗumi*. Ɗakin da ake so shi ne mai sanyi a bazara, mai ɗumi a lokacin ɗari, marar laima a damina. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa don maijego ko tsoho ya isa shaida.

5. Abin da binciken lafiya ya nuna

5.1. Zafi

A Yamai matsakaicin zafin tsakar rana a watan Afrilu yana kai wajen digiri 41. Kwanon rufi da rana ta buga kai tsaye yakan wuce digiri 60, kuma da yake siriri ne, nan take yake sako zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Bangon ƙasa mai kauri da rufin soro suna shan zafin ne sannu a hankali, su riƙe shi sa'o'i da yawa kafin ya ratsa zuwa ciki. Shi ya sa soro ke da sanyi da rana, ya kuma yi ɗumi da dare, abin da ke da daɗi a lokacin ɗari, a bazara kuwa ya sa mutane su fito da tabarmi tsakar gida. Tsohon tsari ya haɗa ɗaki da tsakar gida da rumfa a matsayin muhalli ɗaya, ana kewaya su bisa sa'a da bisa yanayi. Gidan haya mai ɗaki da salon a jere ba tsakar gida ya yanke wannan kewayawa.

Jiki yana bukatar ya ɗan huce kafin barci ya yi nauyi, don haka ɗaki mai zafi da dare yana rage barci, kuma zafin da ba ya sauka yana wahalar da zuciya da ƙoda, musamman ga tsofaffi da jarirai da masu ciki. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, da yawansu tsofaffi. Na'ura kuma ba ta isa ta zama mafita ga kowa ba: a 2022 kimanin kashi 20 cikin 100 na mutanen Nijar ne ke da wutar lantarki, kuma masu ita ma sun ga yadda bantilatar ke tsayawa tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya.

5.2. Daɓe da taga

Adalci ya sa a faɗi abin da kayan zamani suka kawo na alheri. A ƙasar Meziko, daga shekarar 2000, an yi shirin shafe ƙasan ɗakunan talakawa da siminti. Binciken da aka buga a 2009 ya gano cewa inda aka shafe ƙasa gaba ɗaya, tsutsar ciki ga ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, zawo da kashi 49, kuma iyaye mata sun nuna ƙarin gamsuwa da raguwar damuwa. Wannan shi ne aikin da daɓe ke nema ya yi, siminti da karo kuma sun fi shi daɗewa da sauƙin wankewa.

A Gambiya an yi gwaji kan gidaje 500, aka buga sakamakonsa a 2009. Gidajen da aka sa wa raga a taga da ƙofa aka toshe tazarar da ke tsakanin bango da rufi, da waɗanda aka sa wa falafon na raga, sauron zazzaɓi da ke shiga cikinsu ya ragu da kimanin rabi, ƙarancin jini ga yara ma ya ragu. Tsohon ɗaki mai ƴar ƙaramar taga da asabari a ƙofa ba ya ba da wannan kariya, ba ya kuma fitar da hayaƙi. Taga babba mai raga ta fi shi.

Ginin ƙasa ma yana da rauninsa, wato ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun rusa dubban gidajen ƙasa a Nijar, kuma a watan Satumban 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. Iyalin da suka zaɓi siminti da kwano suna gudun yaɓen kowace shekara ne da faɗuwar rufi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5.3. Abin da ido ke gani

A 1984 Roger Ulrich ya buga nazari kan majinyata 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibitin jihar Pensilbaniya a Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun yi matsakaicin kwana 7,96 bayan aiki, masu kallon bango 8,70, kuma na farkon sun fi ƙarancin neman maganin zafin ciwo mai ƙarfi. Nazarin ƙarami ne, amma shi ya buɗe fagen binciken tasirin tsarin ɗaki kan jinya. A gare mu darasinsa mai sauƙi ne: itacen da ke tsakar gida, ko bedi ne ko mangwaro, yana cikin kayan ɗaki ko da ba a lissafa shi ranar jere.

6. Gine-ginen da suka haɗa biyun

Akwai magina da masu zanen gini a yankinmu da suka nemi riƙe sanyin ƙasa tare da amfanin kayan zamani. Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Yama, a jihar Tawa, a 1962, ya ci gaba da faɗaɗa shi da bakuna da tulluwa da hasumiyoyi, har ginin ya sami lambar Aga Khan a 1986. Daga 1980, a Cikal ta yankin Filinge, aka fara koyar da ginin da ba ya bukatar itace, inda ake rufe ɗaki da bulon ƙasa kaɗai ta hanyar tulluwa, domin giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. A Gando ta Burkina Faso, makarantar da Francis Kéré ya gama a 2001 ta nuna cewa laifin ba na kwano ba ne shi kaɗai: ya ɗaga kwanon sama da rufin ƙasa, ya bar tazara iska na ratsawa, sai kwano ya zama laima mai kare bango daga ruwa da rana.

A Yamai, gidaje 6 na *Niamey 2000*, waɗanda Mariam Issoufou da abokan aikinta suka gama a 2016, an gina su da bulon ƙasa da aka matse da inji, hawa biyu, kowane da tsakar gidansa da wurin shan iska, an kuma tsara tagogi yadda iska za ta ratsa. A Dandaji, ita da Yasaman Esmaili sun gama ginin *Hikma* a 2018: tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da jar ƙasar wurin. A cikin waɗannan gine-gine adon yana fitowa ne daga jerin bulo, launin ƙasa da yadda haske ke shigowa, kamar yadda muka gani a 2.3.

Ga wanda ba zai sāke gini ba, dalilan da muka kawo suna nuna abubuwan da ya kamata su riga kujera da bitirin a lissafin kuɗi. Falafon a ƙarƙashin kwano, da kafar da zafi zai fita a sama. Taga biyu masu fuskantar juna, da raga. Farin fenti a kan kwano, don fari yana mayar da hasken rana. Rumfa ko itace a gefen yamma, inda ranar la'asar ke bugu. Murhu nesa da wurin kwana. A cikin ɗakin kuma a bar fili: gado da almuwar da kujerun soso shida a ɗaki mai mita 4 kan 4 suna tare iska, suna tara ƙura, su hana yaro wurin rarrafe, alhali tabarma da darduma da tumtum ana naɗe su a ɗauke idan an gama.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a fagen cikin ɗaki Hausa ta ari sunaye da yawa, daga Larabci, daga Ingilishi da Faransanci, amma ta riƙe aikatau ɗinta da kalmomin awonta. Mun ga kuma cewa kalmomin awon nan, kyau da sanyi da faɗi da daɗi, rukuni ɗaya ne a nahawu, kuma su ne ake bayyana kwanciyar hankali da su. Binciken lafiya ya ƙarfafa wannan ma'auni wajen zafi da barci da abin da ido ke kallo, ya kuma gyara shi wajen daɓe da taga da sauro, inda kayan zamani suka fi na da.

Aiki biyu ke gaban masu nazarin harshe. Na ɗaya, a tattara kalmomin magina da na masu jere daga bakin tsofaffinsu a Damagaram, Tawa, Maraɗi da Agadas, domin kalma irin *laso* ko *ɗaurin guga* tana ɓacewa ne tare da hannun da ya iya aikin. Na biyu, masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo su yi amfani da waɗannan kalmomin awo maimakon fassara kalmomin Faransanci. Idan aka tambayi uwar amarya ko ɗakin ya jeru, a ƙara tambayarta ko yana da sanyi da azahar a watan Afrilu. Za ta gane tambayar ba tare da an yi mata bayani ba.